Biyar Na Haifa, Biyar Zan Riƙe

A gidan wanki da guga da ke bayan tashar mota, teburin da ke jikin taga na Uwar Biyar ne, kuma babu wanda ya isa ya ɗora ko hankici a kansa ba da izininta ba. Mace ce gajera mai kaurin damtse, muryarta kuwa har ƙarar injin wanki sai ta danne. Tiririn dutsen guga ya dafa mata bayan hannu har fatar tana sheƙi, ga wani tabon ƙuna a gwiwar hannunta wanda take nuna wa sababbin ma'aikata tana cewa takardar shaidar karatunta ke nan. Zannuwan gadon otal, fararen rigunan ma'aikatan banki, labulen ofisoshi, duk ta hannunta suke bi. In ta kama kwalar riga ta danna mata dutse, sai ka rantse yanzu aka ciro ta daga kanti.

Sunan kuwa Manaja ne ya jawo mata shi. Ranar da ta koma aiki bayan haihuwar autarta, ya zo ya tsaya a bakin teburinta yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Barka da arziki. Na nawa ke nan?"

"Na biyar, ranka ya daɗe."

Ya dafe kai. "Biyar? Da wannan albashin?"

"Da wannan albashin da kai kake biya," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "In ka ga ya yi kaɗan, ai aljihunka bai yi nisa da hannunka ba."

Ma'aikata suka kwashe da dariya, Manaja ya shige ofis yana murmushin yaƙe. Tun daga ranar sunanta na gaskiya ya ɓace a wurin.

Mutane suna ɗauka taurin kai ne kawai aka haife ta da shi, amma abin yana da tushe. Ubanta ɗan dako ne a kasuwa, abin da ya samo da rana shi za a ci da yamma, ga 'ya'ya cike da ɗaki. Tana ƙarama, ko famfara ba ta gama ba, sai gwaggonta da ke auren wani akawu a gari mai nisa ta zo ta ce a ba ta ita, a rage wa gidan nauyi. Aka ɗaure mata 'yan kayanta a leda aka sa ta a mota. Ba a zalunce ta a can ba, wannan kam ko yaushe tana faɗa. Ta ci ta ƙoshi, ta sa takalmi, ta yi makaranta har ta iya karatu da rubutu, gadonta ma daban. Gwaggo mutuniyar kirki ce.

Sai da ta zama budurwa aka aiko cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya, ta zo gida. Tana shiga, uwar ta yunƙura daga kwance ta ce da ɗaya daga cikin 'ya'yanta mata, "Maza ki share wuri, ki ɗauko kofin baƙi." Ƙannenta suka zagaye ta suna kallon takalminta. Suna da wasu barkwanci nasu na cikin gida, ɗaya ya faɗi kalma guda sauran su yi ta birgima, ita ba ta san kan zancen ba. Da aka kawo shayi, mahaifiyarta ta dube ta cikin jin nauyi ta ce, "Kina sha da sukari ne, ko babu?" Matar da ta haife ta ba ta san yadda take shan shayi ba. Ba a jima ba uwar ta rasu. Kowa ya zauna yana ba da labarin marigayiya, yadda take faɗa, yadda take waƙa in tana wanke-wanke, ita kaɗai ce ba ta da ko ɗaya da za ta bayar. A nan ta ƙudurta a ranta cewa in Allah ya ba ta 'ya'ya, ko ruwa za su sha su kwanta, a ɗaki ɗaya za su sha shi.

Mijinta mai fenti ne, dogo siriri, ba ya son hayaniya, kullum akwai ɗigon fenti a girarsa. Sun haɗu ne lokacin da aka ɗauko shi ya yi wa gidan wankin fenti, burushinsa ya ɗiga a kan zanen gadon da ta gama gogewa. Ta wanke shi tas, ba ruwa ba sabulu. Washegari sai ga shi ya dawo, alhali aikinsa ya ƙare, wai ya zo ne ya ji ko akwai sauran faɗan da ba ta ƙarasa ba. Daga nan zance ya yi nisa har aka yi aure.

Sun kama ɗaki biyu a wani gidan haya, famfo ɗaya da banɗaki ɗaya su da sauran 'yan haya. Kowane bango da launinsa, don da ragowar fentin aikin mutane yake shafawa: nan shuɗi, can ruwan ƙwai, na bayan ƙofa kuma wani kore mai kashe ido. 'Yar farinsu Lauya suke ce mata, don tun tana koyon magana ba a taɓa kayar da ita a gardama ba. Sai tagwaye maza, sai wani yaro da ake kira Sarkin Ci, sai Auta. Albashin Uwar Biyar shi ke biyan haya da makaranta, abin da Mai Fenti ya samo kuma na cefane da magani. Ba ya saura, amma ba ya yankewa. Akwai madara a shayi, akwai ƙwai jifa-jifa, Lauya tana makarantar kuɗi saboda kanta yana ja, kuma in wata ya yi kyau har a sayo kankana a yanka a tsakar ɗaki, Sarkin Ci yana sa ido kada a cuce shi.

Lauya ba ta daɗe da shiga sakandare ba aka zo gidan wankin da gudu aka kira Uwar Biyar. Katakon da Mai Fenti ya taka a saman bene ya karye, ya faɗo da ƙugu. Ɗan kwangilar da ya ba shi aikin ya biya kuɗin karɓarsa a asibiti, daga nan wayarsa ta daina shiga. Likita ya ce zai tashi, amma da sanda, kuma shi da hawa tsani har abada.

Ƙwai ne ya fara barin gidan. Madara ta bi shi, sai nama, sai kuɗin motar yara, suka koma zuwa makaranta a ƙafa. Uwar Biyar ta sayar da 'yan kunnenta, sannan firiji, wanda dama ba abin da ya rage a ciki sai ruwa.

Ana cikin haka, wata ranar hutu da la'asar, sai ga yayan Mai Fenti. Yaya Babba mai shagon kayan gyaran mota ne, mutum mai tumbi da sakin hannu. 'Ya'yansa biyu maza sun girma sun bar gari, shi da matarsa suna zaune a gida mai ɗakuna da yawa ba motsin kowa. Ya sa aka shigo da buhun shinkafa da jarkar mai. Ya zauna a kujera ɗaya tilo da ke falon, ƙaninsa yana kwance a katifa, Uwar Biyar ta zauna a bakin ƙofa. Bayan an gama gaisuwa da ya-jiki, ya gyara murya.

"Uwar Biyar, ke nake so ki saurare ni, don na san a gidan nan ke ce gwamnati."

"Ina jin ka, Yaya."

"Na zauna na yi tunani. Haya, makaranta, abinci, magani, sutura. A yadda kaya suka yi tsada yanzu, gida mai yara biyar, in ana so su tashi cikin walwala kamar 'ya'yan mutane, sai abin da ke shigowa duk wata ya kai..." Ya faɗi wani adadi.

Uwar Biyar ta yi dariya har da tafa hannu. Adadin ya ninka albashinta sau huɗu.

"Yaya, ashe mu tuni muka mutu, ba a dai sanar da mu ba."

"Ba wasa nake ba. Ko lokacin da yake da lafiya ba ku kai can ba, balle yanzu. Ga shawarata. Ki ba ni Lauya. Ɗakinta daban, makarantar da ta fi wadda take, har jami'a in Allah ya yarda. Ƙanwarmu kuma ta ce za ta ɗauki ɗaya cikin tagwaye. Kin ga saura uku, sai ku samu ku numfasa."

Ta dubi mijinta. Ya juyar da fuska wajen bango. Nan ta gane an riga an yi maganar da shi.

"Yaya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Shinkafa na karɓa, mai na karɓa, don ba ni da girman kan da zan mayar. Amma biyar na haifa, biyar zan riƙe."

"Da me?"

"Da hannun nan."

"Hannun nan ne ya hana a koro yarinya daga makaranta makon jiya?"

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce. Duk da haka ta ce, "Tagwayen da kake cewa a raba, ko wanka ba sa yi sai tare. Wanne za ka cire? Ai ba kayan shago ba ne da za a ce sun yi yawa a kan kanta, a kai wasu sito."

"Ke matsalarki ke nan, baki. Baki kuwa ba ya biyan kuɗin makaranta." Ya juya wajen ƙaninsa. "Kai ba za ka ce komai ba? Ko faɗuwar har da harshe ta haɗa?"

Mai Fenti ya ce a hankali, "Yaya, abin da ta ce ɗin."

Yaya Babba ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya fita ba sallama. Uwar Biyar ta jira har ƙarar motarsa ta ɓace, sannan ta matso kusa da katifa.

"Baban Lauya, da bakinka ka amsa masa?"

"Kunya ce ta ishe ni," in ji shi, har yanzu yana kallon bango. "Ina kwance a nan ina jin Sarkin Ci yana kankare gindin tukunya da cokali. Ni da na saba shigowa da leda a hannu."

"Kunyar tamu ce mu biyu, sai mu raba ta. Yara ne ba a rabawa."

Ta zaci an gama, ashe Lauya tana bayan labulen ɗakin ciki ta ji komai. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Uwar Biyar tana kan gugar rigunan banki sai ta ga inuwa a kan teburinta. Lauya ce tsaye cikin kayan makaranta, idanunta jawur.

"An sake koro ni. A gaban kowa aka kira sunana."

"Je ki gida, gobe zan je in ga shugaban makarantar."

"Umma, ni ina so in tafi gidan Baffa."

Uwar Biyar ta ɗaga dutsen ta jingine shi a kan ƙarfensa. "Me kika ce?"

"Na ji duk abin da kuka faɗa. Ba wanda ya tambaye ni. Kin ce biyar za ki riƙe, to ni ba riga ba ce da za a riƙe. In na kwanta Auta ta yi mini fitsari a jiki, in na ɗauki littafi tagwaye su yi dambe a kaina. Baffa ya ce har jami'a. Ke me za ki ba ni?"

Uwar Biyar ta so ta ba ta labarin kofin baƙi da tambayar sukari, amma ta ga yarinyar da aka kira sunanta a gaban 'yan aji ba za ta ji wannan ba yau.

"Ba ni da jami'a a aljihu. Abin da nake da shi ni ce, da ubanki, da ƙannenki. Kuma ba za ki je ba."

"Don me?"

"Don ni na haife ki, kuma ban ce na gaji ba."

"Wannan ba hujja ba ce."

"To ki kai ƙara."

Lauya ta juya ta fita tana kuka. Uwar Biyar ta ɗauki dutse ta ci gaba, amma hankalinta ba ya kan aikin, har ta yi wa wata riga layi biyu a hannu, abin da ko sabon shiga ba ya yi. Ta san yarinyar tana da gaskiyarta, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Don haka da aka tashi aiki ba ta nufi gida ba, ta wuce shagon Yaya Babba. Ta same shi a bayan kanta, tsakanin kwalayen batir da tayoyi.

"Yaya, na zo da tawa shawarar. In don Lauya ne, ka biya mata makaranta, amma ta kwana a gidanmu. In an yi hutu ta zo ta yi muku kwanaki."

Ya dube ta ya girgiza kai. "Wato kuɗina kike so, ba ni ba. Ni ba banki ba ne, Uwar Biyar. Antinku har ta sa labule a ɗakin, ta sayo madubi."

Ya kau da kai yana gyara wasu kwalaye da ba su buƙaci gyara ba. Sai a lokacin ta fahimci ba taimako kaɗai ya kawo shi gidanta ba. Shi da matarsa sun gaji da shirun gidansu, suna so su ji ana buga ƙofa, ana neman takalmi da safe. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai. Amma tausayi daban, ba da 'ya daban.

"To shi ke nan. Ka ba ni wankin yaran shagonka, rigunan aikinsu masu baƙin mai. Ka biya ni yadda za ka biya kowa."

Ya ci gaba da gyara kwalayensa. Ta yi masa sai an jima ta tafi. Amma a ƙarshen makon aka sauke mata wani ƙaton ƙullin riguna a ƙofar gida, ba saƙo ba gaisuwa. Shi kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidan har shekara ta zagayo.

Ta shiga ofishin Manaja ta nemi ƙarin albashi. Ya karanto mata tsadar sabulu da kuɗin wuta da na ruwa har ta fara jin kamar ita ya kamata ta ba shi wani abu.

"Na ji, ranka ya daɗe. To akwai tsohon dutse a sito, da teburin nan mai gurguwar ƙafa. Ka ba ni su."

"Ki je ki buɗe naki ki ƙwace mini mutane?"

"Otal zai kawo zanen gado gidan haya ne? Kanikawa ne da malaman makaranta, waɗanda ko ƙofarka ba sa iya tunkara."

Ya ba ta don ta fita masa daga ofis.

Daga nan rayuwarta ta koma guga biyu. Ta yi ta Manaja da rana, ta dawo ta kafa teburinta a baranda ta yi tata. In an ɗauke wuta ta hura gawayi. Rigunan kanikawa sai an jiƙa su an dirje da burushi kafin baƙin mai ya saki, har 'yan haya suka fara ƙorafin ta mamaye famfo da igiyar shanya. Ta ce musu duk mai ƙorafi ya kawo rigarsa ɗaya a goge masa kyauta, bakin kowa ya mutu. Mai Fenti, da ya fara dogarawa da sanda, ya ce zai taya ta. Rana ɗaya ya yi ya ƙona wandon wani bakanike a daidai mazauni, ta kore shi daga teburin. Haushi ya sa ya jawo wani guntun katako da ragowar fenti, ya zauna ya rubuta mata allo: WANKI DA GUGA, har da zanen dutse yana fitar da tiriri. Mai askin layin ya gani ya ce shi ma yana so. Bayansa mai shayi, sai mai gyaran waya, sai wata makarantar yara da ta ba shi aikin zana haruffa da dabbobi a jikin alluna. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a saman tsani ya koma cin abinci a zaune, harshe a waje, yana jan layi da siririn burushi.

Kada wani ya ce daga nan komai ya yi daidai. Bai yi ba. Dole aka cire Lauya daga makarantar kuɗi aka kai ta ta gwamnati, inda suke zama a matse har wasu a ƙasa. Watanni ta yi ba abin da ke haɗa ta da uwarta sai gaisuwa. In Uwar Biyar ta zuba mata abinci sai ta ce ta ƙoshi, sai uwar ta fita ta ɗauka ta ci. Haƙorin ɗaya daga cikin tagwaye ya yi rami, likita ya ce a cike shi, aka ce a cire kawai don ya fi sauƙi, har yau akwai giɓin. Sarkin Ci ya gaji takalmin Lauya mai ruwan hoda, ubansa ya shafe shi da baƙin fenti, ruwan sama na farko ya tona asiri, yaron ya dawo gida yana kuka ana bin sa da dariya.

Uwar Biyar ba ta taɓa cewa abin ya isa ba. Wata maƙwabciyarta ta zo tana lallashinta, wai ai kuɗi ba komai ba ne, wadatar zuci ita ce gaba.

"Wadatar zuci tana sayen maganin tari?" in ji Uwar Biyar tana yayyafa wa riga ruwa. "Je ki kantin magani ki ce a ba ki na wadatar zuci ki gani. Ni kuɗi nake nema, da yawa ma. Kawai dai ba zan sayar da kwanan 'yata a ɗakina in same su ba."

A hankali madara ta dawo. Ƙwai ya biyo baya, yana zuwa yana ɗaukewa kamar wutar lantarki. Wata rana tana baranda sai ga Yaya Babba da riga ɗaya rataye a hannu. Ya tsaya yana karanta allon kamar bai taɓa ganin rubutu ba, sannan ya miƙa mata rigar.

"A goge mini. Kada a cika sitaci."

"To, Yaya. Shiga ciki, ƙaninka yana nan."

Ba wanda ya tayar da tsohon zance. Lokacin da Lauya za ta rubuta jarrabawar fita, shi ya biya kuɗin ba tare da an roƙe shi ba, Uwar Biyar kuma ta karɓa hannu biyu ta yi godiya. In an yi hutu Lauya da Auta sukan je su yi wa matarsa kwanaki, su cika mata gida da surutu, su dawo.

Yanzu shekaru sun ja. Uwar Biyar ta bar wa Manaja teburinsa na jikin taga, ta kama ɗan shago a bakin titi mai tebur biyu da injin wanki na hannu. Gwiwoyinta sun fara ba ta labari, sai ta sa kujera mai tsawo tana guga a zaune. Tagwaye ɗaya bakanike ne, ɗaya mai haɗa wutar lantarki. Sarkin Ci yana aiki a gidan burodi, inda kowa ya ce nan ya dace da shi. Auta tana ajin ƙarshe. Lauya ba ta samu jami'a ba. Ta yi makarantar koyon harhaɗa magani, tana aiki a kantin maganin wani asibiti, ta yi aure da ɗa ɗaya.

Ran nan ta biyo shagon bayan ta tashi aiki, ta zauna a kan buhun wanki tana fifita da kwali, yaron yana wasa da maratayan riguna.

"Umma, mun yi magana da baban wannan. Biyu za mu yi mu tsaya, sai in samu ya ƙaru. Ni ba zan iya abin da kika yi ba."

"Ba wanda ya ce ki yi. Ku kuka san aljihunku."

Lauya ta yi mamaki, don ta zo ne da shirin gardama. Sai ta ce, "Har yanzu ina ganin da kin bar ni na tafi, da yanzu ni likita ce."

"Wataƙila."

"Wataƙila kawai?"

"To me kike so in ce? In ce ƙarya ne? Da wataƙila kin zama. Abin da baffanki ya ce ana buƙata, shi ake buƙata, mu dai ba mu taɓa samunsa ba. Kun sha wuya, ina sane, ba sai an tuna mini ba. Amma ya dawo yau ya sake tambaya, amsar da na ba shi ita zan sake ba shi."

"Ko haƙuri ba za ki ba ni ba?"

"Na giɓin haƙorin ƙaninki na ba shi haƙuri. Na takalmi ma na bayar. Naki kam babu."

"Kai, Umma, taurin kai!"

"A nono kika sha, ai ga shi nan kina yi mini."

Lauya ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Tana cikin neman abin da za ta mayar sai wani saurayi ma'aikacin ofis ya shigo karɓar kayansa. Ya duba rigunan ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba inda zai kama, sai ya shafa ƙeya.

"Mama, a ɗan rage mini mana. Wata ya yi nisa."

"A gidana ma nisan yake yi, ɗana."

"Wancan shagon na gaba fa ya fi sauƙi."

"Ƙofarsa a buɗe take. Ka kai masa, in ya yi maka layi biyu a hannun riga ka dawo in gyara, a sabon farashi."

Saurayin ya dubi Lauya ko za ta sa baki. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Malam, biya kawai. Ni na fi ka daɗewa a wannan shari'ar."

Ya zaro kuɗi ya biya cif. Uwar Biyar ta sa masa kayan a leda, ta ce ya gaida gida, sannan ta ce da Lauya ta ɗauke yaron daga kusa da wayar wuta, ta jawo riga ta gaba.